Kwalabe Tara a Bayan Uwar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar. Ranar ce na zauna a falona, na ɗauko shaidar laifina da hannuna, na miƙa wa wadda ta zo bincike, har ina ce mata ta duba a hankali kada ta tsallake shafi.

Ni ba mai fita ba ce. Na haura shekara ashirin a Gyadi-Gyadi, amma in aka ce in raka mutum Daurawa a ƙafa, tare za mu ɓata. Karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, sai ɗan abin da na samu a islamiyya. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne da baki. In na ji magana sau ɗaya na riƙe ta, in kuma na fara tawa sai an tuna min akwai tukunya a wuta.

Maƙwabciyata ta jikin katanga sunanta Rifkatu, amma duk layinmu Maman Alheri muke kiranta. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana koyar da kimiyya a wata sakandare a Tarauni. Shekara takwas muna miƙa wa juna kwano ta kan katanga, ni da sallah, ita da kirsimeti. A shekarar da abin ya faru ta koma jami'a ƙarin karatu, wurin aikinta suka ba ta hutu mai wa'adi. In ta gama cikin wa'adin, shi ke nan. In ba ta gama ba, dole ta koma aji, karatun kuma ta san yadda za ta yi da shi.

Wata safiya ta shigo da 'yar kula a hannu.

"Hajiya, alfarma na zo nema. Firij ɗinki."

Babban ɗana ya sa mana sola, don haka firij ɗina ne kaɗai a layin bai san an ɗauke wuta ba. (Na yi alfahari da firij ɗin nan fiye da yadda ya kamaci mace mai shekaruna.) Ta buɗe kular, sai ga 'yar kwalba mai murfi, a cikinta wasu 'yan ƙwallaye kamar ƙwan kifi, suna kwance a ruwa garau.

Na ce, "Wannan kuma fa? Duwatsun wuya kika koma sayarwa?"

Ta yi dariya ta zauna ta yi min bayani, ni kuma har yau zan iya maimaita shi. Wai akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ne suke mayar da madara kindirmo. Ba na cuta ba ne, ta ce, don ta ga na ɗan janye ƙafa. Tana kwaɓa su a cikin wani gari da yake yin yauƙi kamar karkashi, ta zuƙa da sirinji, ta riƙa ɗigawa ɗis-ɗis a cikin ruwan wani gishiri. Kowane ɗigo sai ya daskare ya zama ƙwallo mai taushi. Halittun suna ciki a tsare, abinci ne yake ratsa ƙwallon ya same su. Aikinta shi ne ta auna yadda suke hayayyafa, da yadda suke bazuwa a cikin ƙwallon, rana bayan rana. A makaranta tana da akwati mai ɗumi inda suke girma. Duk bayan kwana biyu za ta ɗebi kaɗan ta zuba a kwalba, ta rubuta lambar ranar a jiki, ta sa a sanyi, sanyin ya tsayar da su daidai inda suka kai. In kwalabe tara suka cika, layinta ya zo a kan wata babbar na'ura mai ƙara wa abu girma, sai ta yanka ƙwallayen siriri-siriri, ta sa musu rini, ta duba, ta auna. Matsalar ita ce firij ɗin makarantar yana bin wuta, in ta tafi ya tafi.

"Sukan fara cika gefe-gefe," ta ce, "don nan abinci yake fara isa. Tsakiya sai daga baya, wani lokacin ma ba sa kaiwa."

Na ce, "To ai Kanawa ne. Kowa bakin titi yake so ya buɗe shago."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce sai ta gaya wa Dakta, wato malamar da take duba aikin nata. Sannan ta daina dariyar.

"Abu ɗaya ne, Hajiya. Kada su fita daga sanyi, ko na awa ɗaya. In suka ji ɗumi za su ci gaba da haihuwa, na rana ta biyu ya koma kamar na rana ta ƙarshe, aikin ya tashi a banza."

Na ji. Ba ni da damar cewa ban ji ba. Na ma ce mata, "Haba Maman Alheri, kamar kin ajiye a cikin ɗakinki."

Haka ta riƙa kawowa ɗaya bayan ɗaya har suka cika tara, suka mamaye min layin tsakiya na firij. Kullum in na buɗe sai in gaishe su. Ana saura mako guda layinta ya zo a na'urar, aka yi mata rasuwa, kawunta, ta tafi gida ranar Laraba. Ta shigo ta ba ni haƙuri don ba za ta samu bikin Salma ba, 'yata ta biyu, wanda za a fara washegari. Ta bar wa amarya turmin atamfa, ta leƙa kwalabenta, ta tafi.

Bikin a tsakiyar bazara ya faɗo, lokacin da ko ruwan randa sai ka hura kafin ka sha. Ranar Alhamis ta kamu, tun da hantsi, Yaya Asabe yayar maigidana ta sauka daga Unguwar Gano da adaidaita sahu shaƙe da robobin zoɓo da kunun aya. Yaya Asabe ba ta tambayar ina za a ajiye abu. Ta wuce kicin ta buɗe firij.

"Wannan tarkacen na waye?"

"Na Maman Alheri ne, Yaya. Na makaranta."

"Magani ne?"

"A'a. Wai ƙwayoyin kindirmo ne."

Ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa. "Kindirmo? Kindirmo ne zai hana dangin ango shan abu mai sanyi a gidan ƙanena? Ke a ina kika taɓa jin matan Fulani suna yawo da firij a ka?"

To ni dai a lokacin maganar ta shige ni. Na tuna shekara nawa ina ajiye nono a ƙwarya ya kwana, bai taɓa yi min komai ba sai ƙarin daɗi. Abin da asalinsa tsami ne, me zafi zai ƙara masa? Kuma ba a musu da yayar miji ranar bikin 'yarka, ga mata cike da gida suna kallo. Lambar Maman Alheri tana cikin wayata, wayar tana ɗaure a bakin zanina, amma na ce ai ba a damun mai zaman makoki. (Kun ga yadda mutum yake samo wa kansa uzuri mai kama da tarbiyya.) Na ce zuwa la'asar kawai, da an sha zoɓon nan a mayar da su. Na kwashe kwalaben na jera a kan dakalin tagar kicin, ta wajen tsakar gida. Har bin lamba na yi, ta ɗaya zuwa ta tara, don kada su cakuɗe. Ga ni mai riƙon amana.

La'asar ta yi, aka sha zoɓo, aka kawo wani. Juma'a aka yi yinin biki. Asabar aka ɗaura aure, aka kai amarya. Ni kuwa uwar amarya, ina shiga ina fita, ina sauya kaya, ana ta kirana in zo a yi hoto. Ban tuna da kwalaben ba sai ranar Lahadi da rana, ina tattara kofuna a tsakar gida. Na ɗaga kai na gan su a jere, rana ta dake su, na taɓa ɗaya na ji ta kamar an sauke shayi. Ruwan da na sani garau ya koma kamar ruwan wankin shinkafa.

Me na yi? Na goge su da tsumma, na mayar firij, na rufe. Na ce wa kaina sanyi zai gyara. Da na leƙa da yamma farin ya ɗan kwanta a ƙasa, sai na ji hankalina ma ya ɗan kwanta.

Litinin da sassafe Maman Alheri ta shigo a gurguje da kula da ƙanƙara. Na yi mata gaisuwa, ta yi min Allah Ya sanya alheri. Tana jera kwalaben ta ɗaga ɗaya a haske.

"Ruwan ya ɗan yi duhu."

Na ce, "Ko?"

Iyakar abin da na ce ke nan. Ni da ake roƙo in yi shiru a gidan suna.

Bayan kwana uku ta dawo, ta zauna a kujera 'yar tsuguno a kicin ɗina, ba ta ko cire jakarta ba. Ta ce ta yanka, ta rina, ta duba. Duk taran iri ɗaya ne. Halittun sun cika gefe, sun cika tsakiya, wasu ƙwallayen ma sun fashe. Kwalbar farko da ta ƙarshe babu bambanci, don haka babu abin aunawa. Dakta ta ce ɗayan biyu ne: ko dai an samu matsala wajen ajiya, ko kuma ba ta yi aikin yadda ta rubuta a littafinta ba, rana ɗaya ta cika kwalaben ta bi su da lambobi. In na biyun ne, magana za ta je gaban kwamiti, kuma ba gyara ake yi a can ba, kora ake yi.

"Hajiya, don Allah ki tuna. Firij ɗin nan ya taɓa tsayawa? Ko na rabin yini?"

Na dafa ƙirji. "Firij ɗina? Ko ƙiftawa bai yi ba."

Kuma gaskiya ce tsagwaronta. Firij bai tsaya ba. Na daɗe ina jin daɗin wannan amsa, don ban yi ƙarya ba. Yanzu in na tuna ta nakan ji gara a ce ƙaryar na yi, ta fi mutunci.

Kwana goma na yi ina ciyar da matar nan. Yau alkaki, gobe nakiya, jibi dambun nama, duk abin da ya rage na biki ta kan katanga ya bi. Maigidana ya ce, "Wai maƙwabciyar taki haihuwa ta yi ne ba a gaya min ba?" Wata safiya ina shara na jiyo ta tana shanya, tana ce wa mijinta ƙila dai shekarunta sun wuce karatu, ƙila ita ce ta rikita komai ba ta sani ba. Na jingina tsintsiya na ce yau zan gaya mata. Na shiga ɗaki na sa mayafi. Na fito na ɗora mata farfesu.

Sai ga saƙo: Dakta ta ce za ta zo ta ga firij ɗin da idonta, tunda a Darmanawa take, hanyarta ce. Da wani mai hankali ne, da ya ji tsoro. Ni murna na yi, babbar malamar jami'a za ta shigo gidana. Na wanke firij, na sa turaren wuta, na fito da kofunan da ba a taɓawa. Yaya Asabe ma ta zo a ranar, don mai hoto ya kawo albam ɗin biki tun jiya, tana so ta ga kanta.

Bayan azahar suka iso. Dakta gajeriyar mace ce mai tabarau, maganarta kaɗan. Muka gaisa, ta ce in nuna mata firij. Ta ciro wani ɗan ma'aunin sanyi daga jaka ta sa a layin tsakiya, ta rufe, ta ce sai an ba shi minti ashirin. Muka dawo falo. Maman Alheri ta zauna a bakin kujera, ta rame. Shiru ya yi yawa, ni kuma ba na iya zama da shiru. A gidanmu in baƙo ya zo bayan biki, albam ake ba shi. Na ɗauko na ɗora wa Dakta a cinya.

"Ga hotunan bikin 'yarki, Dakta. Ki duba a hankali, kada ki tsallake."

(Sau huɗu na duba albam ɗin nan kafin ranar. Na lura ɗaurin ɗankwalina ya karkace a shafi na shida, na lura wata ƙawata ta rufe ido a na goma. Abin da ban taɓa dubawa ba shi ne bayana.)

An yi wa bangon kicin sabon fenti saboda biki, kuma nan haske ya fi kyau, don haka mai hoton nan ya riƙa tsayar da mu. Dakta tana buɗawa tana cewa ma sha Allah, sai ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta kusanto da shafin fuskarta.

"Rifkatu, zo ki gani. Waɗannan ba kwalabenki ba ne?"

Ga ni nan a tsaye cikin koriyar atamfa ta anko, na ɗan karkata, ina murmushi. A saman kafaɗata ta hagu, kwalabe tara a jere, har lambobin ana iya karantawa.

Dakta ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo da albam ɗin wajena. "Hajiya, wannan wace rana ce?"

"Kamu," na ce. "Alhamis."

Ta buɗe gaba. Ga ni cikin leshi ruwan goro, na rungume ƙanwar ango. "Wannan fa?"

"Yinin biki. Juma'a."

Ta ƙara buɗawa. Farar shadda, sarƙa, hannuna ɗaya a sama ina amsa guɗa. Kwalabe suna nan inda suke, rana ta haske su. Ba ta ma tambaya ba, ni na ce, "Asabar."

"Yaushe suka koma firij?"

"Lahadi. Bayan azahar."

Yaya Asabe ta miƙe tana gyara mayafi. "Ni dai kindirmo aka ce min. La'asar ba ta yi ba ne?" Ƙarfe biyu da rabi ne. Ta shige ɗaki ta bar ni.

Dakta ta ciro biro da 'yar takarda tana rubutu, tana komawa baya tana dawowa tsakanin shafukan uku. Ta ce wa Maman Alheri, "Dubi ruwan. Ranar koriyar atamfa garau yake. Ranar leshi ya fara hazo. Ranar shadda ya yi fari." Ta ajiye biron. "Mai hoton nan ya fi wasu ɗalibaina kiyaye aiki."

Ban san inda zan sa idona ba, sai na sa shi a kan kofunan da ba a taɓawa. Na buɗe baki na fara bayani, zoɓo, dangin ango, matan Fulani, sai na ji yadda maganar take fita, na katse ta. Na ce, "Ni na fitar da su. Kuma na sani tun ranar Lahadin. Ki yafe min, Maman Alheri."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta dubi hoton, ta dube ni.

"Kwalaben ba komai, Hajiya, ana sake wasu. Amma kwana goma ina zaton kaina ne ya lalace, ke kuma kina miƙo min alkaki."

Dakta ta tashi ta je ta ciro ma'auninta. Ta ce firij ɗin lafiyarsa ƙalau, ya ma fi nasu. Sannan ta ce in ara mata albam ɗin na kwana biyu. Na ce ai akwai waɗanda na fi kyau a gaba. (Wallahi haka na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba.) Ta ce, "Ba don ke nake so ba, Hajiya."

Da hotunan nan uku aka wanke Maman Alheri. Dakta ta haɗa su da takarda ta kai gaba, aka yarda ba ta yi maguɗi ba, aka ba ta dama ta sake aikin daga farko. Amma hutunta ya ƙare a tsakani. Sai ta koma koyarwa da safe, ta tashi daga aji ta kama hanyar jami'a cikin rana, haka har wata biyu. Wannan wahalar ni na ja mata, babu wani fenti da zan shafa wa maganar.

Bayan zuwan Dakta, mako guda tsakanina da Maman Alheri daga ina kwana sai lafiya lau. Rana ta takwas ta yi sallama da kula a hannu. Na miƙe har ina tuntuɓe.

"Ba hucewa na yi ba, Hajiya. Babu wani firij ɗin ne a layin nan." Ta sa kwalbar farko a layin tsakiya, ta rufe, ta tsaya hannunta a kan murfin. "Akwai wani bikin a gaba?"

Na ce babu, ko an sa ma zan ɗaga. A nan ne ta ɗan yi dariya, kaɗan, ta hanci.

Wannan karon kwalabe tara suka fita yadda suka shiga. Ta auna, ta samu abin da take nema, har ta nuna min hoton a wayarta: na farkon ɗigo-ɗigo a gefe, na ƙarshen sun yi kauri sun zagaye ƙwallon. Ta gama karatunta. Ta kuma gaya min, don ta san zai dame ni, cewa hotunana suna nan a cikin wani fayil a ofis, an zagaye saman kafaɗata da jan biro, kuma malamai shida ne suka zauna suka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Da na ɗaga waya ranar Lahadin nan, kunyar minti biyu ce, tsakanina da mace ɗaya wadda ta san ni. Na ƙi, sai aka raba ta ga mutum shida da ban taɓa gani ba, ina sanye da kayana mafi kyau. Darasin da ya kamata in ɗauka ke nan, kuma ina ƙoƙari. Amma wanda ya fi kama jikina daban ne: yanzu da mai hoto ya ce a shirya, sai na waiga na duba bayana tukuna. Hotunan sunan ɗan Salma na fari, rabinsu ƙeyata ce.